Bin Sawun Dangin da Suka Yi Gabas: Yadda Ake Binciken Asali a Ƙasar Kazaure da Babura

Gabatarwa

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, da wuya a zauna da dattawan wani tsohon gida ana hirar asali a tashi ba a ambaci wani da ya yi gabas ba. Wani lokaci wan kaka ne, wani lokaci ƙanwar kaka ce mijinta ya tafi da ita, wani lokaci kuma gida ne sukutum ya tashi, da yara da jakuna. Abin da ya rage na labarinsu bai wuce magana biyu ko uku ba: sun tafi aikin Hajji a ƙasa, an taɓa samun wasiƙa sau ɗaya, daga nan shiru. Manufar wannan rubutu ita ce bayyana hanyoyin da mai son gano inda irin waɗannan dangi suka ƙare zai bi, tun daga zauren gidansu har zuwa ɗakunan adana takardun tarihi. Al'amarin ya wuce sha'awar tarihi kawai, domin akwai gonakin da har yau ake jayayya a kansu saboda ba a san ko mai rabo a ciki ya bar baya ba, akwai kuma haƙƙin zumunci da ke wuyan waɗanda suka zauna.

Su wane ne suka tafi, kuma yaushe?

Wajibi ne mai bincike ya fara sanin cewa tafiyar ba a lokaci ɗaya aka yi ta ba, kuma dalilanta sun bambanta. Tun cikin ƙarni na 19 akwai maganar da ta yaɗu a Daular Usmaniyya cewa wata rana jama'a za ta tashi ta yi gabas domin tarbar Mahadi, kuma wannan ya sa wasu malamai da almajiransu suka riƙa tafiya jefi-jefi. Babban tashin shi ne na shekarar 1903. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, sai Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar zuwa Sudan, inda bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma sun zarce Hijaz, kamar Alfa Hashim wanda ya zauna a Madina har ya rasu a 1931.

Sai dai a nawa ganin, mutanenmu sun cika jingina kowace tafiya ga Attahiru, saboda akwai daraja a ce kakan mutum ya yi hijira ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara. Alhali kuwa tafiyar ta ci gaba shekaru da dama bayan Burmi, kuma masu yin ta talakawa ne da haraji da yunwa da begen ɗakin Allah suka haɗu suka tayar. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Barno, a shiga Fort Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973, a bi ta Abeshe a faɗa Darfur ta Junaina, sannan Fashir ko Nyala, har El Obeid inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Daga nan sai Suwakin ko Port Sudan, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Ba a yin wannan tafiya a jere. Mutum zai tsaya ya yi noma ko ɗinki ko wanzanci ya tara guzuri, ya ƙara gaba, guzuri ya ƙare ya sake tsayawa, ta yadda shekara biyar ko goma a hanya ba abin mamaki ba ne. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙodago ya samu, kuma nan ne da yawa suka yada zango da niyyar shekara ɗaya, aka yi aure aka haihu, zangon ya zama gida.

Fara daga cikin gida

Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne su ɗauki waya su fara neman suna a Facebook tun ba su san sunan da suke nema ba. Matakin farko yana wurin tsofaffi, musamman tsofaffin mata. Namiji yakan riƙe jerin uba da kaka, amma mace ce ke riƙe wa ya auri wa, daga wane ƙauye aka kawo amarya, wace ce ta yi goyon wane, kuma da goyon wa aka tafi. A je wurinsu ɗaya bayan ɗaya, kada a tara su, domin idan aka tara su ƙaramar ba za ta gyara wa babbar magana ba ko da ta fi ta sani. A ɗauki muryarsu da izininsu, a rubuta ranar da aka yi hirar, a koma bayan mako biyu a sake tambaya, saboda tsoho yakan tuno abu bayan baƙo ya tafi.

Batun suna shi ne mafi wahala. Bahaushe da Bafulatani suna da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabi, ga kuma alkunya da ke hana uwa ambaton sunan ɗan fari, ta hana mace ambaton sunan miji. Mai yiwuwa duk gidan sun san wanda ya tafi da Tanko ko Ɗanladi ko Bawa, amma a Sudan babu wanda ya taɓa jin wannan suna, domin can sunan yanka ya yi aiki da shi, kuma da lafazin Larabci. Audu ya koma Abdullahi, Garba ya koma Abubakar, Mamman ya koma Muhammad, Shehu ya koma Usman. Larabawa kuma suna jera suna uku ko huɗu, na mutum da na uba da na kaka. Saboda haka abin da ake buƙata daga gida shi ne sunan yanka na wanda ya tafi, da na mahaifinsa, da na kakansa, a jere. Idan aka haɗa da sunan mahaifiya da sana'ar gidan da irin zanen fuskarsu, to an sami abin riƙewa. Kada a raina zanen fuska. Waɗanda aka haifa a can galibi ba a yi musu ba, amma jikoki sukan tuna fuskar kakansu, su kwatanta ta daidai.

Daga nan sai shekara. Tsoho ba zai ce 1927 ba, zai ce zamanin wane sarki, ko shekarar wace yunwa. A masarautar Kazaure jerin sarakuna ma'auni ne mai kyau: Muhammadu Mayaƙi ya yi sarauta daga 1886 zuwa 1914, Muhammadu Tura daga 1914 zuwa 1922, Umaru Na'uka daga 1922 zuwa 1941. Wanda aka ce ya tafi a zamanin Na'uka, ba shi cikin mutanen Attahiru, ko me gida ke faɗa. Haka nan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Ƙaƙalaba, da annobar mura ta 1918, da yunwar 1927, da zuwan Sarauniya a 1956, duk turaku ne da ake ɗaure labari a jikinsu. Sunan yunwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a tambayi abin da aka ci a shekarar da kuma wanda ke sarautar garin, kada a tsaya ga suna kaɗai.

Takardun gida da na hukuma

Ana yawan cewa mutanenmu ba su ajiye tarihi a rubuce ba. Wannan magana ba ta cika gaskiya ba. A gidajen malamai akwai gafaka da tsofaffin kundaye waɗanda a bangonsu ko a gefen shafi aka rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwa, wani lokaci har da ranar da wane ya fita zuwa Hajji. Wasiƙun da matafiya suka aiko ta hannun masu dawowa, da Larabci ko da ajami, sau da yawa a cikin Alƙur'ani ake saka su, kuma suna nan. Irin wannan wasiƙa takan fara da doguwar gaisuwa ga mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, abin da mai karatu na yau zai ga kamar ɓata takarda ne, alhali wannan jerin sunaye shi ne ke nuna su wa ke raye a lokacin. A ƙarshenta kuma akan faɗi garin da ake da kuma hannun wanda za a ba amsa. A ɗauki hoton takardar gaba da baya, a mayar da ita inda take, kada a liƙa mata komai, kada kuma a ba da aronta.

Game da takardun hukuma, dole a fahimci yadda aka raba mulki a da. Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta ne ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙananan hukumomi kuwa tsarin 1976 ne. A zamanin Turawa duk wannan yanki yana cikin Lardin Kano. Kazaure tana da En'e tata, kuma ƙasar Roni da Gwiwa a ƙarƙashinta suke. Babura kuwa a ƙarƙashin En'e ta Kano take, sai bayan ƙirƙiro jiha ta shiga masarautar Ringim. Ma'anar wannan ita ce, wanda ke neman ƙauyen kakansa a tsofaffin fayil, sunan gundumar hakimin da ƙauyen yake ciki a wancan zamani zai nema, kuma mutumin Babura a cikin takardun Kano zai duba. Wuraren zuwa su ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke, da Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A kula da yadda Turawa ke rubuta sunayen garuruwa, domin gari ɗaya yakan fito da rubutu iri biyu ko uku. Mutanen Babura da ke da dangi a Magarya da Damagaram su tuna cewa wasu sun fara ƙetarawa can kafin su yi gabas, kuma Faransawa da nasu salon rubutun.

Kada mai bincike ya sa rai da yawa a kan rahotannin kimanta haraji da Turawa suka rubuta. Suna ba da yawan mutane da dabbobi da sunayen dagatai, amma ba safai suke ambaton talaka da sunansa ba. Amfaninsu shi ne tabbatar da cewa ƙauye kaza ya ragu a shekara kaza. Haka ma takardun fasfo na alhazai, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta shigo da shi tun shekarun 1920 tare da kuɗin ajiya, ana karɓa a Maiduguri. Mai hali ne ke bin wannan hanya, talaka kuwa yakan zagaye ta daji, don haka rashin ganin suna a nan ba ya nufin mutum bai tafi ba.

Takardar da na fi ba muhimmanci ita ce ta kotun alƙali, wato littafin rabon gado. Dalili kuwa, a mazhabar Malikiyya ba a raba dukiyar wanda ya ɓace sai an kai shekarun da ake ganin tsaransa ba sa wuce su, wanda mafi shahara shi ne saba'in, wasu malamai suka ce tamanin. Matarsa kuma idan ta kai ƙara, alƙali yakan bincika, ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Saboda haka duk gidan da mutum ya yi gabas ya bar mata ko gona, akwai yiwuwar maganar ta je gaban alƙali, kuma a nan za a rubuta sunansa na yanka, da na ubansa, da shekarun da ya yi ba ya nan, da shaidar waɗanda suka ce sun gan shi a wuri kaza. Ba duk littattafan ne suka tsira daga gara da ɗigar ruwa ba, amma wanda ya tsira ya fi kowace takardar Bature amfani ga wannan aiki.

Nema a can ƙetare

A Sudan ana kiran mutanenmu Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba. Kalmar Takari daga Takrur ta fito, tsohon sunan da Larabawa ke kiran ƙasashen yamma da shi, kafin ta zama abin da muke nufi da ita a yau. Wuraren da suka fi yawa su ne Mai Wurno da ƙauyukan Sennar, da Wad Madani da sauran Jazira, da Gadarif, da Kasala, da Damazin, da Port Sudan. Akwai wani abu da ya kamata a sani kafin a zargi kowa da gudun dangi. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1948 ta shardanta cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ƙarshen 1897. Wannan ya fitar da kusan duk waɗanda suka iso bayan Burmi, sai ya zama dole wasu gidaje su ɓoye shekarar zuwansu, wasu su jingina kansu ga wata ƙabila ta Darfur. An sassauta dokar daga baya, amma tsoron ya daɗe, kuma rikicin da ya auku tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Blue Nile a 2022 ya nuna maganar asali ba ta mutu ba. Don haka takardar shaidar ɗan ƙasa ta wani ɗan Sudan ba hujja ba ce a kan inda kakansa ya fito, kuma wanda ya yi jinkirin amsa tambaya a yi masa uzuri.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ta shugabannin al'umma, wato sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da malaman zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya, domin su ne masaukin baƙi tun asali, kuma baƙo yakan sauka ne wurin mutanen garinsu. Ɗaliban jiharmu da suka yi karatu a Khartum su ma gada ce. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa jama'a da dama, har da na Khartum da Wad Madani da Sennar, ya kuma sa shiga ɗakunan takardun ƙasar ya yi wuya ƙwarai. Wani ɓangare na takardun zamanin Ingilishi yana Jami'ar Durham a Ingila, amma na jami'an mulki ne, ba rajistar talakawa ba.

A Makka da Madina da Jidda al'amarin ya ɗan fi sauƙi ta wata fuska, saboda asali ya zama sunan gida: Hausawi, Fallata, Barnawi. Shaihu Umar Fallata, malamin hadisi na Masallacin Annabi wanda ya rasu a 1999, daga irin waɗannan gidaje ya fito. Amma sunan Hausawi bai nuna gari, kuma dubban mutane ke amsa shi. Alhajin da ya je da jerin suna uku da sunan ƙauye ya tambayi dattawan unguwannin da mutanenmu suka daɗe, irin su Misfala da Shara Mansur a Makka, ya fi wanda ya je da Hausawi kaɗai damar dacewa. Akwai kuma waɗanda sawunsu ya ɓace ɗungum, wato yaran da aka sace ko aka sayar a hanya, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Wannan magana ce mai ɗaci da gidaje ba sa son tayarwa, amma tana cikin tarihin hanyar.

Gwanja da soja

Ba kowa ne ya yi gabas ba. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. A nan sarkin zango ne mabuɗi. Dokar korar baƙi ta Ghana ta watan Nuwamba 1969 ta dawo da mutane da yawa gida, kuma tsofaffin cikinsu da ke raye sun san wanda ya rage a can. Su kuma waɗanda aka ɗauka soja aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, galibi da sunan gari aka rubuta su a maimakon sunan uba, abin da ke taimakon mai nema. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen waɗanda suka mutu a intanet, kuma lambar soja da ke jikin tsohuwar lambar yabo ko takardar sallama ita ce ke raba masu suna iri ɗaya.

Tabbatarwa kafin a yi shela

Idan aka sami wanda ake zato, kada a karanta masa abin da aka sani sannan a tambaye shi ko haka ne. A bar shi ya faɗi nasa: sunan kakansa da na uban kakan, sunan ƙauye, sana'a, sunan wani ɗan'uwa da aka bari a gida. Sau da yawa sunan ƙauyen yakan zo a karye saboda ya bi ta harshen Larabci shekara tamanin, amma idan ya ambaci wata rijiya ko dutse ko kuka da ba wanda zai sani sai ɗan garin, wannan ya fi takarda. Akwai 'yan damfara a wannan fage kamar kowane, kuma alamarsu ita ce saurin amincewa da duk abin da aka faɗa, sannan maganar kuɗi ta biyo baya. Gwajin jini na zamani da ake kira DNA yana iya nuna kusancin mutum biyu idan dukansu suka yi, amma ba ya faɗin sunan ƙauye, kuma ba a kansa shari'a ta ɗora tabbatar nasaba ba.

Idan magana ta kai ga gado, to a mayar da ita gaban alƙali, kada a yanke ta a zaure. Abin da kotu za ta fara nema shi ne wa ya riga wani rasuwa. Idan wanda ya tafi ya rasu kafin mahaifinsa, ba shi da rabo a gonar mahaifin, kuma 'ya'yansa ba za su gaji kakan ba matuƙar akwai ɗa namiji na kakan a raye. Idan kuwa ya rayu bayan mahaifin ko da kwana ɗaya ne, rabonsa ya tabbata, kuma na magadansa ne ko a Gadarif suke ko a Jidda. Shi ya sa shekarar rasuwa take da nauyi haka, kuma shi ya sa a wasiƙar farko da za a aika can, bayan gaisuwa da ta'aziyya, ya kamata a roƙi su faɗi shekarar da ya rasu, da garin da aka binne shi, da sunayen dattawa biyu da suka halarci jana'izar.